Katangar Hadrian da gwiwa mai ciwo: wane yanki ne zai taku?

Baban Ummi (Leeds): Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa bin hanyar ƙafa ta Katangar Hadrian, tsohuwar katangar da Rumawa suka gina. Hanyar ta ratsa arewacin Ingila daga Wallsend kusa da Newcastle har Bowness-on-Solway. Mil 84 ce, ni kuwa ba duka nake hari ba, wani yanki kawai. An yi mini aikin gwiwar dama bara, da sanda nake tafiya. A shimfiɗaɗɗen wuri nakan ɗan yi nisa kafin ta fara ƙorafi. Yarona zai ɗauki hutu a watan Yuni ya raka ni. Don Allah wanda ya taka da ƙafarsa nake son ji.

Maman Sadiq (Newcastle): Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ni shan inna ce tun ina ƙarama, a keken guragu nake, kuma na yi bakin gabas na hanyar da maigidana. Daga tsohon sansanin sojojin Rum na Segedunum da ke Wallsend hanyar ta bi gaɓar kogin Tyne, kwalta ce kusan duka, ta wuce ƙarƙashin gadojin Newcastle ta nufi Newburn. Akwai banɗaki, akwai wurin shan shayi, in ka gaji mota na kusa. Mun tsaya ne inda aka fara hawa zuwa Heddon-on-the-Wall, don nan keke ya ce a kai kasuwa. Sai dai in katangar kake son gani, a wannan yankin ba ta nan, sai ɗan guntu a Segedunum. Tsofaffin ma'aikatun jirgin ruwa za ka yi ta gani da masu tseren keke.

Alhaji na Bradford: Baban Ummi, ka ajiye lissafin mil a gefe tukuna. Ni ma ciwon gaɓoɓi gare ni, gwiwa biyun, kuma na yi tsakiyar hanyar. Abin da taswira ba ta nuna maka shi ne hanyar ta gonakin mutane ta bi, tumaki da shanu ko'ina, kowace gona da shingen dutse. Wani wurin ƙyaure ne, ka tura ka wuce. Wani wurin kuwa tsani ne na katako aka kafa wa shingen, ka hau ta nan ka sauka ta can. A samansa dole ka juya jikinka, nauyinka duka a kan ƙafa ɗaya, katakon ya sha ruwa yana santsi, sandarka kuma ka riga ka jefa ta ɗaya gefen. Guda ɗaya ba komai ba ne. Amma in suka jeru tun safe, kafin azahar ƙafar ta fara rawa.

Daga wurin ajiye motoci na Steel Rigg zuwa tsohon sansanin Rumawa na Housesteads wajen mil uku ne kacal, kuma nan ne duk hotunan da kake gani. Da barin wurin ajiye motoci kaɗan sai matakalar duwatsu ta Peel Crags ta tare ka, a tsaye take, wasu matakan sun kai tsayin gwiwa. Ka hau, ka gangara, ka sake hawa, haka tudun yake kamar haƙoran zarto. Na kai, amma da dare sai da aka nemo mini ƙanƙara a masauki.

Anti Nas (Carlisle): Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ban yarda a ce Baba ya haƙura da tsakiyar ba. Na kai mahaifiyata bayan an sauya mata ƙugu. A kudu da waɗancan duwatsun akwai tsohuwar hanyar sojojin Rum, ciyawa ce, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da katangar ta ƙasa-ƙasa, ba ta bin kowane tsauni. Ita muka bi, sai mu ɓullo sama inda hawan ya yi sauƙi. Ta nan muka leƙa Sycamore Gap, inda aka sare wata shahararriyar bishiya a watan Satumban 2023, kututturen na nan an kewaye shi. Kuma Baba, a matsayina na ma'aikaciyar jinya: gangara ta fi hawa cin gwiwa. Sanda biyu za ka riƙe, ba ɗaya ba. Wajen hawa lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka mai ciwon. Ka kuma gaya wa mai yi maka gashin ƙashi tun yanzu.

Alhaji na Bradford: To Anti, ban san da ta ƙasan ba sai da na gama shan wuya na hango mutane suna tafe abinsu.

Ɗan Zinder (Glasgow): Ni ƙafar roba gare ni ta hagu. Abin da ya cece ni bas ne. Akwai wanda ake kira AD122, lambar shekarar da sarki Hadrian ya sa aka fara ginin, yana zirga-zirga tsakanin Hexham da Haltwhistle, yana tsayawa a sansanonin Chesters da Housesteads da Vindolanda, da kuma cibiyar baƙi ta The Sill. Garuruwan biyu duk suna kan layin dogo na Newcastle zuwa Carlisle. Sai na kama ɗaki ɗaya a Haltwhistle, ban yi ta ƙaura da kaya ba. Kullum in fita da 'yar jaka, ruwa da dabino da rigar ruwa da safar kututture ta canji, in taka daga wata tasha zuwa wata, in dawo. Kafin ka fita ka san inda za ka iya sauka titi in ƙafa ta ƙi, ka kuma rubuta lokacin bas na ƙarshe a takarda, don waya ba ko'ina take samun sabis ba. A Housesteads daga tasha zuwa sansanin ma hawa ne mai kyau, kada ka ɗauka ka iso.

Abinci: ƙauyukan nan kifi da dankali ne abin da za ka dogara da shi. Na yi guzurin kilishi. Yuni kuma rana ba ta faɗuwa da wuri, ƙarfe tara na dare gari da haske, ba mai kora ka.

Maman Sadiq: The Sill ɗin nan har rufinsa na hau da keke, an yi masa hanya mai gangara a hankali. Daga sama ana hango tudun duka.

Kawu Manchester: Ba wanda ya ambaci yamma. Daga Carlisle zuwa Bowness ƙasa ce a kwance, kusan mil 15, na raba ta gida-gida saboda bayana. Matsalarta teku. Tsakanin Burgh by Sands da Drumburgh titin ya ratsa fadama, in teku ta cika sosai ruwa kan hau kansa, akwai alluna a bakin titi masu nuna zurfin. Lafiyayye ya ga ruwa ya ɗaga ƙafa, mu kuwa ba mu da wannan, don haka ka duba jadawalin cikar teku kafin ka shiga. Ba inuwa, ba wurin fakewa, iska daga yamma take bugowa, shi ya sa na fara daga Bowness ta zama a bayana. Bas ɗin can jefi-jefi ne. A Burgh ɗin nan an taɓa girke rundunar sojojin da Rumawa suka kwaso daga arewacin Afirka a ƙarni na 3, na tsaya ina tunanin yadda suka yi da wannan sanyi. Katanga dai babu ita a nan ma, an kwashe duwatsun tuntuni an yi gine-gine, har cocin garin da su aka gina.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na tsara: masauki a Haltwhistle, mu fara da Chesters don gwaji, sannan Steel Rigg ta hanyar ƙasa in ƙafa ta yarda. Sansanin Birdoswald fa? An ce nan ne katangar ta fi tsawo ba yankewa.

Anti Nas: Haka ne Baba, amma ka je ta sama da mota. Daga sansanin zuwa Harrow's Scar fili ne a kwance, katangar na gefenka har ka kai. In ka ce daga Gilsland za ka taso, bayan gadar Willowford akwai hawa mai tsanani daga bakin kogin Irthing. Mu a nan Mama ta zauna kan dutse ta ce a je a zagayo da mota.