Sadiya ta haɗa 1/3 da 1/4 ta samu 2/7

Maman Sadiya: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku ba ni dabara. Yarinyata Sadiya tana CM2, ajin ƙarshe na firamare, nan Garwa ta Kamaru, jarrabawar CEP ta gama firamare ta ƙarato, jiya aka ba su 1/3 + 1/4 ta rubuta 2/7. Na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta haɗe abinta. Na san ba haka ba ne, amma bayanin ya gagare ni.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Kada ki yi mata faɗa tukuna. Ce mata ta haɗa rabi da rabi da wannan hanyar tata. Za ta samu 2/4, rabi kenan. Sai ki tambaye ta, rabin burodi da rabin burodi, rabi ne? Da kanta za ta yi dariya.

Inna Mai Ƙosai: Ni ban yi lakwal ba, amma ku ba ta kuɗi. Ƙwandalar dala ashirin guda 12 ki zube kan tabarma. Ta raba uku ta ɗau kashi ɗaya, 4. Ta mayar, ta raba huɗu ta ɗau ɗaya, 3. Bakwai cikin sha biyu. Yaro ba ya ɓata a lissafin kuɗi.

Maman Sadiya: Inna, ashe ke ce malamar! To me ya sa 12?

Malam na Yalwa: Don uku da huɗu duk suna raba shi ba saura, Hajiya. Idan na ƙasa iri ɗaya ne, kamar 2/8 + 3/8, na sama kaɗai ake haɗawa, 5/8, takwas na nan yadda take domin girman yankan bai canja ba. Idan sun bambanta sai a nemo musu gida ɗaya. Mu a rabon gado kullum shi muke yi. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya: matar tana da sumuni (1/8), uwar sudusi (1/6). Takwas da shida a 24 suke haɗuwa, matar 3, uwar 4, jimla 7/24, saura 17 na 'ya'ya.

Baban Khalifa: Malam, yarona kuma gani yake 1/8 ta fi 1/4 wai don takwas ta fi huɗu.

Malam na Yalwa: Tambaye shi, tsire tsinke ɗaya, da mutum huɗu zai so a raba ko da takwas? In kuma irin 3/5 da 2/3 ne da ido ba ya rabewa, a kai su 15: 9/15 da 10/15.

Maman Sadiya: Allah ya saka. Yanzu na aika shago a canzo min jaka guda, ƙwandala goma kenan. Inna, ranta min guda biyu su cika 12.