Danniya da Biyayya a Wasan Kwaikwayo: Abin da Aka Tsayar

Wata fitowa a wasan kwaikwayo, inda miji ke juya matarsa kamar waina a tanda, yana yi mata tsawa tana durƙushe, ta jawo fushin masu kallo. Masana harkar sun ce ba durƙuson matar ne ya harzuƙa masu kallo ba. Kyamara ce ta ɗauko mijin daga ƙasa, aka bi shi da kiɗan jarumta, sai zalunci ya koma abin burgewa. Gyaran da aka tsayar shi ne: a ɗauki mijin daidai tsayin ido, kuma bayan tsawar a tsaya kan fuskarta kamar daƙiƙa 5. A bambance ladabi da tsoro: mai tsoro muryarta na rawa, tana satar kallon ƙofa. A sa wani ya tsawata wa mijin a cikin fitowar, domin guntun da ke yawo a TikTok ba ya kaiwa ƙarshen zango balle a ga makomar mijin.