Muhawara: Shin Omaha za ta ture Texas Hold'em daga kan karaga?

Ɗan Zango: Jama'a, ni dai ina ganin zamanin Texas Hold'em a wasan poka, wato wasan karta na caca, ya kusa ƙarewa, kuma Omaha, wani nau'in poka, ce za ta gaje shi. Dalilina shi ne kwamfuta ta riga ta tone asirinsa. A 2017 manhajar Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta lallasa ƙwararru huɗu a Pittsburgh, a 2019 kuma manhajar Pluribus ta yi nasara a teburin mutum shida. Wasan da kowa zai iya haddace dabarunsa daga na'ura, wane armashi ya rage masa?

Malamin Lissafi: Ƙanena, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka ta fuskar lissafi. A Hold'em ana raba wa kowa kati 2 a rufe, wanda ya ba da yiwuwar haɗuwa 1,326, alhali a Omaha kati 4 ake rabawa, haɗuwar kuma ta kai 270,725, sannan dole ɗan wasa ya yi amfani da biyu cif daga hannunsa da uku daga na tsakiyar tebur. Sai dai ba wahala ce ta ɗaukaka Hold'em ba, sauƙi ne da talabijin. Tun da shirin Late Night Poker na Birtaniya ya sa kyamara a ƙarƙashin gilashin tebur a 1999, mai kallo ya samu damar ganin katuna biyu na kowane ɗan wasa, ya san wanda ke burga da hannu wofi tun kafin abokin karawarsa ya sani. Ka jera katuna huɗu-huɗu na mutum shida a kan allo, ka ga ko ɗan kallo ba zai rikice ba.

Ɗan Zango: Malam, da girmanka, ai haka aka riƙa yi wa Seven-Card Stud kirari, wani tsohon nau'in poka wanda ya daɗe yana mulki a gidajen cacar gabashin Amurka, yau kuwa sai a gasar da ke gauraya nau'o'in poka irin H.O.R.S.E. ake yawan ganinsa. Sarauta ba ta dawwama.

Hajiya: Ku yi mini uzuri, ni ba na caca, kuma hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne, amma ina bin labarin a matsayin kasuwanci, kuma alƙaluma ba su goyi bayanka ba, ɗana. Babbar gasar World Series of Poker ta Las Vegas, wadda Hold'em ake bugawa a cikinta, mutum 839 suka shiga a 2003, shekarar da wani akanta, Chris Moneymaker, ya samu gurbi ta intanet ya lashe dala miliyan 2.5. A 2006 adadin ya kai 8,773, ya ja baya bayan dokar da Amurka ta kafa a shekarar kan cacar intanet, amma a 2023 ya haura dubu goma, wato shekaru shida bayan Libratus ɗin da kake kafa hujja da ita.

Malamin Lissafi: Hajiya ta gama magana. Zan ƙara da Short Deck, nau'in Hold'em wanda ake cire katuna daga 2 zuwa 5 a bar 36, wanda attajiran Asiya suka yayata har World Series ta ba shi gurbi a 2019. An yi masa irin hasashen da kake yi wa Omaha, amma bai sauko wa talaka ba.

Ɗan Zango: Na karɓi alƙaluman, Hajiya, amma na gasa ne. A teburan manyan kuɗi, inda ƙwararru ke neman wanda bai iya ba, Omaha tana cin kasuwa, domin hannaye sun fi kusanci da juna, sabon shiga yana ci jefi-jefi, sai ya ɗauka ya iya, ya dawo gobe da wani kuɗin.

Hajiya: To ai ka faɗa da bakinka, wasan masu kuɗi ne. Ka nemo min mutum dubu goma da za su biya dala 10,000 kowannensu domin gasar Omaha ɗaya, sannan mu sake zama.