Gidan Ɗan Hausa: Bature ne ya gina shi, ko tarar da shi ya yi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure tsakanina da kawuna kan Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nasarawa a Kano. Shi ya kafe cewa Hanns Vischer, Baturen da aka yi wa laƙabin Ɗan Hausa, shi ya gina gidan tun daga tushe a 1901. Ni kuwa abin da na taso ina ji, gidan wakilin Sarki ne mai kula da gandun Nasarawa, tun wajen yana gonaki a bayan ganuwa, Bature gyara kawai ya yi ya tare. Ina zan samo hujja? Kawu ba ya karɓar "an ce".

Malama Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Fara da shekarar, ɗana. Turawa ba su ci Kano ba sai a Fabrairun 1903, zamanin Sarki Alu. To a 1901 wane Bature ne zai ɗora tubali a gandun Sarki? Shi Vischer ma Borno ya fara aikin gwamnati, a 1906 ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus zuwa Kukawa, sai a 1909 ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, lokacin Sarki Abbas. Ke nan 1901 ta faɗi. Amma kada ka yi saurin murna, faɗuwar shekarar kawu ba ta tabbatar da naka labarin ba.

Magini Ɗan Gado:
Ni ta fannin sana'ata zan sa baki. Ginin ƙasa ba ya faɗin shekarunsa da ido, don duk bayan damina sai an yi masa yaɓe, azarar da gara ta ci a sauya. Ka je ka duba inda bango ya haɗu da bango. Ɗakin da aka ƙara daga baya jingina shi ake yi, tubalinsa ba ya sarƙewa da na tsohon, kuma nan tsaga take fara fitowa. Ka lura da tagogi ma. Kakanninmu 'yar kafa suke bari can sama, faffaɗar taga son Bature ne. Sai dai ana iya fasa ta a tsohon bango, don haka taga kaɗai ba shaida ba ce.

Malama Mai Alli:
Takardu kuma, ka nemi rahotannin Lardin Kano na 1908 zuwa 1910 a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ka leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke can Kaduna. In za ka tambayi dattawan Nasarawa, kowa shi kaɗai, kuma ka ce ya faɗa maka daga bakin wa ya ji. Mutum biyar da suka ji daga tsoho ɗaya, shaida ɗaya ce.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Malama, can Kaduna ana barin mutum ya ɗauki hoton takarda da waya, ko sai dai in kwafa da hannu?