Binciken muryar mata a rediyoyin arewacin Kamaru: shawarwarin masana

Malaman jami'a da 'yan jaridar da suka tattauna batun sun fi daɗewa a kan zaɓen shirye-shiryen da za a nazarta. A Marwa da Garwa, kada a tsaya ga filayen Faransanci kaɗai, a haɗa da na Fulatanci da Hausa, in ba haka ba matan kasuwa da na karkara za su ɓace daga lissafi. A naɗi labaran kwana 14 a warwatse, a kauce wa makon 8 ga Maris, domin Ranar Mata tana kumbura adadi. Kowace murya a rubuta jinsi, harshe, daƙiƙoƙin da aka ba ta, da matsayinta: masaniya ce ko wadda abu ya shafa? Mutum biyu su tantance daban-daban, sannan a gwada. Binciken GMMP na 2020, mai nazarin yadda mata ke fitowa a kafofin watsa labaran duniya, ya samu mata su ne kashi 25 cikin ɗari na mutanen da ake ji ko ake ambata a labarai, ana iya aunawa da shi.

Ƙabila kuwa tambaya ake yi, ba hasashe daga harshe ba, don ƙabilun Mafa da Giziga ma suna jin Fulatanci.

A sakaya sunayen 'yan jarida masu fafutuka domin a kare su. A Marwa aka kama Ahmed Abba na RFI Hausa a 2015, sai 2017 ya fito.