Wai ƙwayar jini roba ce ko leda?

Ɗan aji biyu: Jama'a wai jar ƙwayar jini faɗinta kusan maikiron 8 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) amma tana ratsa jijiyar da ba ta kai faɗinta ba, ni dai na ce roba ce kenan, miƙewa take kamar balan-balan

Anti ta lab: Ba roba ba ce ƙanena. Fatarta in ta ƙaru da kashi 3 ko 4 cikin 100 fashewa take yi. Ka ɗauki ledar fiya wata ka sha rabi, ka ga yadda take lanƙwashewa ta shige tsakanin yatsunka? To cikakkiya fa? Ita ƙwayar dama ba cike take dam ba, shi ya sa tsakiyarta ya lotsa

Ɗan aji biyu: Anti to ai duk ɗaya ne, miƙewa da lanƙwashewa

Anti ta lab: Ina! A saifa ma tsagar da take bi ba ta wuce maikiron 1 zuwa 2 ba, ninkewa take ta wuce ta dawo yadda take

Injiniya: Ni abin da ya fi ban mamaki in ruwa na gudu da ƙarfi, ƙwayar sai ta tsaya a karkace fatar ce kawai ke zagaye ruwan cikinta kamar ƙafar katafila, a 1978 wasu masu bincike, su Fischer, a Aachen ta Jamus sun manna ƴan ɗigo a fatar suna kallo suna zagayawa

Malam na fiziks: Injiniya a hankali dai. A ruwa mai kauri da aka dama da dekstiran, wani sinadari dangin sukari, suka gani. In ruwan waje ya fi na cikin ƙwayar tsinkewa, kamar ruwan jinin mutum, sai ta fi son alkafura ko birgima

Injiniya: Malam amma jini ai cunkushe yake da ƴan uwanta, ba ita kaɗai ke yawo ba

Malam na fiziks: To wannan kuma wata rigimar ce

Anti ta lab: Ku duba sikila ku gani. Iskar oksijin na raguwa sai abin cikin ya sandare, ledar ta ƙi lanƙwasuwa ta toshe hanya, ga ciwo. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu a kwana 10 zuwa 20

Ɗan aji biyu: Naji, leda ce. Amma wlh a jarabawa in na rubuta fiya wata sifili zan sha