Zidane gwanin koci ne ko sa'a ce ta ɗauke shi?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Yau zan faɗi abin da na daɗe ina riƙewa, wanda zai ji haushi ya ji. Zidane ɗan wasa ne wanda samun irinsa sai an tona, wannan ba na ja. Amma a aikin koci ba shi da wani abin a-zo-a-gani. An miƙa masa Real Madrid a watan Janairun 2016, ya tarar da Ronaldo da Ramos da Modric da Kroos da Marcelo da Benzema da Bale, duk suna kan ganiyarsu, kuma mafi yawansu su ne suka ci kofin Zakarun Turai a 2014 a hannun Ancelotti. Shi dai ya tsaya a gefen fili da hannu a aljihu, Ronaldo ya yi ta zura ƙwallo. Mai musu ya kawo min abu ɗaya da Zidane ya ƙirƙira a ƙwallon ƙafa.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nura ƙanena, kowa ya san kai ɗan Barcelona ne, don haka ban yi mamaki ba. Tambaya ɗaya gare ni. Waɗannan da ka lissafa, ba su ne a hannun Benitez, kocin da Zidane ya gada, ba? Su ɗin ne Barcelona ta zo har Bernabeu ta zuba musu 4-0 a Nuwamban 2015. A watan Afrilu su ɗin dai suka je Camp Nou suka ci 2-1, kuma da mutum goma suka ƙarasa wasan don an ba Ramos jan kati. Kafin ranar kun yi wasa 39 ba a doke ku ba. Ba a sayi kowa a tsakani ba. To me ya canja in ba mai horarwa ba?

Nura: Malam, 'yan wasan ne ba sa son Benitez. Ko kai aka ba su a lokacin za su yi maka gudu.

Malam Habu: To ai ka yi min aikina. Idan ƙin koci yana sa ƙungiya ta sha kashi, son koci kuma yana sa ta ci, ashe sa manyan taurari su so ka su bi umarninka shi ma aiki ne. Kuma ba so ne kaɗai ba. A wasan 4-0 ɗin Casemiro a benci ya zauna. Zidane ne ya kafe a kan sai Casemiro ya shiga, ya tsaya a bayan Modric da Kroos yana share musu datti, ko da hakan na nufin James da Isco su zauna. James kuwa ɗan lelen shugaban ƙungiyar, Perez, ne, da kuɗi masu yawa aka sayo shi bayan Kofin Duniya na 2014. Sabon koci ya ajiye shi. Wannan tsakiyar ta mutum uku ita ta ɗauki Madrid har 2022.

Sadiq: Ni ku bar ni da dabara, mu yi maganar sa'a, don ni ɗan Liverpool ta shafa. Wasan ƙarshe na 2018 a Kiev: Ramos ya kayar da Salah, ya fita da ciwon kafaɗa tun kafin hutun rabin lokaci. Golanmu Karius ya jefa ƙwallo a ƙafar Benzema, ya dawo ya saki ta Bale daga nesa. Wace dabara ce a nan? A zagayen daf da na ƙarshe golan Bayern, Ulreich, shi ma kyauta ya bayar. A kwata fainal Juventus ta rama uku a Bernabeu, sai fenariti a mintin ƙarshe da korar Buffon. Ku koma 2017, an kori Vidal na Bayern a kan ƙwallon da ya ƙwace lafiya lau, Ronaldo ya ci a satar gida. Ku koma wasan ƙarshe na 2016 da Atletico, ƙwallon Ramos a Milan satar gida ce, Griezmann ya ɓarar da fenariti, Juanfran ya bugi turke. Wallahi ban taɓa ganin mutumin da abubuwa ke faɗo masa haka ba.

Malam Habu: Sadiq, Allah ya ba ka haƙuri, shekaru sun ja amma ciwon bai warke ba.

Zainab: Yaya Sadiq, ni Juventus nake goyon baya, kuma sau biyu a jere mutumin nan ya sa ni kwanan baƙin ciki, don haka ba kare shi na zo yi ba. Duk abin da ka lissafa ya faru. Amma ka tsallake wasa ɗaya, kuma na san dalili: Cardiff, 2017. Kafin wasan ƙarshen nan ƙwallo uku kacal aka zura mana a duk gasar. Mun fitar da Barcelona, Messi da Suarez da Neymar ba su ci mu ko ɗaya ba a wasa biyu, Yaya Nura ya tuna. Aka tafi hutu 1-1, kuma mu muka fi zafi a farko. Da aka dawo sai ka ce wata ƙungiyar aka kawo. Madrid ta matso gaba, ta riƙa ƙwace ƙwallo a gidanmu, Modric ya buɗe ta dama, Isco yana yawo inda ya ga dama, muka rasa wanda za mu riƙe. Aka tashi 4-1. Babu kuskuren gola, babu satar gida. Jan katin Cuadrado ma ya zo ne bayan an riga an gama da mu. Wani ne ya yi magana a ɗakin sauya kaya, kuma maganar ta yi aiki.

Nura: Wasa ɗaya kenan.

Zainab: To ga kaka guda. A 2016-17 ya ci La Liga da maki 93, ya haɗa da kofin Turai, abin da Madrid ba ta yi ba tun 1958. Kuma yadda ya yi shi ne abin dubawa. Ya shawo kan Ronaldo ya yarda a riƙa barinsa a gida a wasu wasannin waje. Ronaldon da kowa ya sani, wanda ko sauya shi aka yi a minti na 85 sai ya ɓata rai. Isco da Morata da Asensio da James da Lucas Vazquez suka riƙa zuwa suna kwaso maki, har suka zuba wa Deportivo 6-2 a gidanta. Sakamakon hutun nan, daga kwata fainal zuwa wasan ƙarshe Ronaldo ya ci ƙwallo 10: biyar a ragar Bayern, uku a ta Atletico, biyu a tamu. Kana iya cewa Ronaldo ne ya ci. Ni kuma ina tambayar wa ya kawo shi watan Mayu da ƙafafunsa garau yana da shekara 32.

Sadiq: To a kaka ta gaba fa? Na uku suka yi, Barcelona ta ba su tazarar maki 17, Leganes ta fitar da su a Copa del Rey a Bernabeu. Gasar lig ita ce ma'aunin koci, wasa 38 ne, sa'a ba ta bin mutum har can.

Malam Habu: Madalla. In lig ce ma'auni, cikakkiyar kaka huɗu ya yi, ya ci biyu. A ta 2020-21 ma maki biyu ne tsakaninsa da Atletico, sai ranar ƙarshe aka san zakara. Kuma ku dubi ta 2019-20, don ita ce ke kashe maganar Nura. Babu Ronaldo, ya tafi Juventus tun 2018. Hazard da aka sayo ya maye gurbinsa jinya ya yi ta yi. Zidane ya ga ba shi da mai ci masa arba'in, sai ya kulle gida: ƙwallo 25 kacal aka zura musu a wasa 38. Da aka dawo daga hutun korona suka ci wasa goma a jere. Mutumin da kuka ce bai iya komai ba sai sakin taurari, ya ci lig da tsaron baya.

Nura: Da VAR dai, Malam. Fenariti nawa Ramos ya buga a wasannin nan?

Malam Habu: Ƙorafin alƙalin wasa daga bakin ɗan Barcelona, Allah mai iko.

Alhaji Tijjani: 'Ya'yana, na karanta duka. Bari in kai ku baya kaɗan, don wannan gardamar an taɓa yinta a kan wani mutum, a wannan ƙungiyar. Vicente del Bosque. Shi ma tsohon ɗan wasan Madrid ne, shi ma daga ƙananan ƙungiyoyin gidan aka ɗauko shi, shi ma ba mai yawan magana ba ne. Ya ci kofin Turai a 2000 da 2002, na biyun da ƙwallon nan ta Zidane a Glasgow. Aka riƙa cewa da Raul da Figo da Zidane da Roberto Carlos ko wa aka ba zai ci. A 2003 ya ci La Liga, kashegari aka sallame shi, aka ce ana son koci na zamani. A bazarar nan kuma aka sayar da Makelele ga Chelsea. Abin da ya biyo baya, sai 2007 suka sake ganin lig, kofin Turai kuwa sai 2014, kuma shekara shida a jere ana fitar da su a zagayen 'yan 16. Zidane yana cikin filin lokacin da ginin ya fara rushewa, da idonsa ya ga abin da rashin Makelele ya jawo. Shi ya sa ni ban ɗauki maganar Casemiro a matsayin dace ba.

Kuma bayan Zidane ma an sake gwadawa. Ya ajiye aiki a ƙarshen Mayun 2018. Lopetegui bai kai Nuwamba ba, Barcelona ta yi masa 5-1. Solari ya zo, Ajax ta ci shi 4-1 a Bernabeu. A watan Maris Perez ya koma ya roƙo Zidane.

Nura: Baba, da girmanka, amma misalinka ni ya taimaka wa. Del Bosque ɗin da ya bar Madrid ina ya je? Besiktas. Bai ƙarasa kaka ɗaya ba aka kore shi. Sai da aka ba shi Sifaniya mai Xavi da Iniesta da Casillas sannan ya sake zama gwani. Lopetegui da Solari kuma ba Zidane kaɗai suka rasa ba, Ronaldo suka rasa. Ita ma dawowar Zidane, me ya yi a Turai ba Ronaldo? Guardiola ya ci shi gida da waje a 2020, Tuchel ya fitar da shi a 2021, Shakhtar ta doke shi sau biyu, Alcoyano ta rukuni na uku ta kore shi daga Copa. Ancelotti ya dawo, da kusan 'yan wasan nan ya ci lig da kofin Turai a 2022, Vinicius da ke ɓarar da ƙwallo a hannun Zidane ya zama dodo.

Zainab: A nan kam Yaya Nura yana da gaskiya, musamman a kan matasa. A zamaninsa aka saki Marcos Llorente da Theo Hernandez da Hakimi, Odegaard ya gaji da benci ya tafi Arsenal aro. Dubi abin da kowannensu ya zama. Valverde kaɗai za a ce shi ya fito da shi sosai. Zidane mutum ne mai riƙe tsofaffin sojojinsa har sai sun gaji.

Malam Habu: Hakimi ba ya son zama a bayan Carvajal, kuma ƙungiya na neman kuɗi a shekarar korona. Ba komai ake ɗora wa koci ba, a Madrid Perez ne ke saye da sayarwa. Zidane da kansa ya rubuta wasiƙa a jarida da zai tafi a 2021, ya ce ƙungiyar ta daina ba shi amanar da yake buƙata.

Nura: To ga abin da nake nufi tun farko. Guardiola ya karɓi Barcelona B a rukuni na huɗu ya hau da ita. Zidane ya karɓi Castilla, ƙaramar ƙungiyar Madrid, a rukuni na uku, ya ƙare na shida. Guardiola ya shigo babbar ƙungiya ya sallami Ronaldinho da Deco, ya ɗauko Busquets da Pedro daga ƙasa, ya gina salon da duniya ke kwaikwaya har yau. Ya je Jamus ya ci, ya je Ingila ya ci. Akwai yaran Guardiola a aikin koci, ga Arteta nan. Ina yaran Zidane? Wa ke cewa yau zan buga irin ƙwallon Zidane?

Malam Habu: Kuma duk da haka Guardiola ya yi shekara uku a Bayern bai kai wasan ƙarshe ba, a Manchester City sai a kaka ta bakwai ya ɗaga kofin. Tun da aka sauya wa gasar suna a 1992 ba wanda ya taɓa kare kambunsa kafin Zidane, Ferguson ya gwada a 2009 bai samu ba, Guardiola bai samu ba. Zidane ya yi uku a jere cikin shekara biyu da rabi. In tarin taurari ne ke ci, PSG ta haɗa Messi da Neymar da Mbappe kaka biyu, ko kwata fainal ba ta kai ba. In kuma suna ne ke sa 'yan wasa su bi mutum, Henry ma yana da suna, wata uku ya yi a Monaco. Pirlo ya karɓi Juventus mai lig tara a jere, da Ronaldo a ciki, ya ƙare na huɗu. Zainab, ko ƙarya na yi?

Zainab: Malam, da ka bar wannan.

Alhaji Tijjani: Nura, tambayarka ta ƙarshe tana da nauyi, ba zan ce ba ta da shi ba. Sai dai kai malami kake nema, mai makaranta da ɗalibai. Madrid ba malami take ɗauka ba, mai cin kofi take ɗauka, kuma kofi 11 ya ajiye musu.

Nura: Baba, ni dai sharaɗina ɗaya ne. Ya karɓi ƙungiyar da ba Madrid ba, wadda ba a haɗa masa komai ba. Ga Marseille nan, garinsu ne, can aka haife shi. Ya je ya ƙwace lig daga hannun PSG, ranar zan zo nan in kira shi koci.

Sadiq: Ko a ba shi Karius a raga kaka ɗaya mu gani.